Na'urar Kunnen Baba

Tun ranar da Auta ta fara shiga shagon nan, murmushin matar da ke bayan kanta bai kwanta mata a rai ba. Mutum yana sayar da keken guragu da sandar dogarawa da abin awon jini, me ya gani na washe baki? Amma buƙata ce ta kawo ta, don haka ta haɗiye abin da ke ranta, ta ce na'urar kunne take nema wa mahaifinta.

Baba ƙuruciyarsa kaf a masaƙa ya ƙarar da ita, cikin rugugin injuna, ya fito da ɗan fansho da kunnuwan da sai dai ado. Da mahaifiyarsu ta rasu, sai ya dawo gidan Auta, ƙaramar 'yarsa, aka ba shi ɗakin da ke kusa da falo. Magana da shi kuwa aiki ce. Duk layin sun san lokacin da Baba ke shan maganinsa, sun san ranar da cikinsa ya ɓaci, don sai Auta ta ɗaga murya har jijiyar wuyanta ta miƙe kafin ya ɗaga kai. A hankali mutanen gidan suka saba da wani hali: in magana ta Baba ce a yi ihu, in ba tasa ba ce a yi ta a gabansa kamar kujera ce a wurin.

Kuɗin na'urar ba na wasa ba ne. Auta ɗinki take yi, kuma kekenta na lantarki, wanda ya riƙe ta shekara da shekaru, shi ta ɗauka ta kai wa telan bakin titi. Ya saya, amma da ya ga idonta ya ciko, ya ce in ta dawo masa da kuɗinsa kafin ƙarshen wata, ta ɗauki kayanta. Rasit ɗin shagon na'urar ma haka ya ce: in na'ura ba ta yi aiki ba, a dawo da ita cikin wata guda a karɓi kuɗi. Maigidanta bai hana ba, ya dai ce Allah ya sa ba asara za a tafka ba, ya ci gaba da goge takalminsa.

Da yamma ta saka wa Baba abin a kunne, ɗan mitsitsi mai launin fata, ta murza kamar yadda aka nuna mata. Ya ƙyafta ido, ya dubi taga, ya dubi fanka, ya ce kamar yana jin wani abu. Ta ce a bar shi ya saba. Ta koma kan tsohon kekenta na ƙafa a lungun falo, yayarta ta kira, ta maƙale waya a kafaɗa tana taka keke tana sauke abin da ya cika mata ciki, yadda ta saba: gajiya, ciwon baya, keken da ta rabu da shi, da 'yan'uwan da ke aiko da gaisuwa kawai. Baba yana zaune a kujerarsa ya juya mata baya.

Washegari ta gaishe shi da muryar mutane, bai motsa ba. Ta ƙara, shiru. Sai da ta koma ihun da aka saba, sannan ya juyo ya nuna kunnensa, ya ce babu komai a ciki sai shuuu, kamar rediyon da ya ɓata tasha.

Nan take ranta ya ba ta cewa an cuce ta. Ai dama! Murmushin nan ba na banza ba ne.

Ta fara da mutanen gida, don kada a ce ta yi gaggawa. Ta titsiye yaranta ko wani ya jefa abin a ruwa, suka yi rantsuwa har da kuka. Ta sayo sabon batir, ta ƙara sayo wani a wani shagon daban, don ba ta yarda da na farkon ba. Ta laɓaɓa bayan Baba ta saki murfin tukunya a ƙasa, ita kanta sai da ta razana, amma tsohon ko gezau, yana ta yanke farcensa. Mutumin da ya yi rayuwa cikin injuna, murfin tukunya ne zai firgita shi? Wannan bai zo mata a rai ba. Abin da ya zo mata shi ne jabu aka sayar mata a kwalin na gaske.

Kafin ta mayar da na'urar, ta ɗiga mata jan farce a ciki, inda ido ba zai kai ba, don ta gane in an musanya. Mai Murmushi, sunan da ta laƙaba wa matar ke nan, ta karɓa ta rufe a tafin hannunta, abin ya yi wani siririn fito. Ta ce wannan alamar lafiyarsa ƙalau ce, amma ta bar shi a duba, ta dawo jibi. Auta ta dawo jibi, aka ce ba a ga matsala ba. Ta juya na'urar, ga ɗigon jan farcenta nan daram. Maimakon hankalinta ya kwanta, sai ta ce a ranta wato ko taɓa ta ba su yi ba, a aljihun tebur ta kwana biyu.

Matar ta ce ta zo da tsohon a gwada a kunnensa, don wani lokaci saitin ne bai dace ba. Auta ta dube ta sama da ƙasa. Ta gane wasan: je ki dawo, je ki dawo, har wata ya ƙare, a nuna mata kwanan wata a rasit a ce a yi haƙuri. Ta ce da ita ba yau aka haife ta ba, kuma ta san inda ofishin hukumar kare haƙƙin masu saye yake. Gaskiyar magana ba ta sani ba, a rediyo ta ji sunan. Matar ta ce Allah ya huci zuciyarta, kuma wallahi ta sake yin murmushin nan.

A gida Baba ya ƙi zuwa. Yau gwiwa, gobe jiri, jibi ya ce shi ba ya son shiga mota. Ya ce ta kai musu kayansu kawai ta karɓo kuɗinta, me za a yi da shi a can? Amma kullum da safe sai ya sa abin a kunne, wai ko Allah zai sa ya tashi. Auta ba ta da lokacin lura da shi. Ba ta tambayi kanta ba me ya sa yake rufe taga daidai lokacin da maƙwabci ya tayar da janareta. Ta ga dai ya rage cin abinci, ya daina zama a falo in tana waya, ta ce tsufa ne.

Kwana na tafiya. Duk sanda ta wuce shagon telan bakin titi, sai ta hango kekenta a kan teburinsa yana sheƙi, yana cin yadi kamar ba ita ta raine shi ba. Telan ya fara gaishe ta da wata irin fara'a ta wanda ya san kaya sun kusa zama nasa. Masu kawo mata ɗinki biyu sun kwashe yadinsu, don keken ƙafa ba ya saurin da suka saba. Baƙin ciki ya ishe ta, kuma ba ta ɓoye ba, a falo take faɗa, a kicin take faɗa, ga maigidanta, ga yayarta, ga duk wanda ya tsaya.

Ana gobe wa'adi zai cika, ta ce yau ko a goye ne sai Baba ya je. Ta fito masa da rigarsa mai kyau, ta tare tasi har ƙofar gida. Ya shiga ya zauna.

Shagon cike yake da mutane. Mai shagon da kansa yana nan, wani mai tumbi da tabarau a goshi, wanda Auta ba ta taɓa gani ba. Aka zaunar da Baba a kujera a ƙarshen kanta. Mai Murmushi ta durƙusa a gabansa, ta gaishe shi da ladabi, ta gyara masa na'urar, ta murza, ta tambaye shi ko yana jin ta. Baba ya zuba mata ido kamar bango yake kallo. Ta ƙara murzawa, ta koma bayansa ta tafa hannu. Shiru. A karo na farko murmushin ya bar fuskarta, ta ce ita dai ba ta gane ba.

Auta kuwa ta samu abin da take jira. Ta buɗe murya, muryar nan da Baba ya horar, ta ce jama'a su shaida. Ta ɗaga rasit, ta karanta sharaɗin da ke jiki da ƙarfi, ta ce haƙƙinta ne ba alfarma ba, kuma daga nan hukuma za ta wuce. Wani da ke cinikin keken guragu ya saki hannun keken. Wata mata ta mayar da abin awon jini kan kanta a hankali. Mai shago ya ga ciniki na zubewa, ya taso da sauri yana hajiya a yi haƙuri, hajiya a zauna, ai abin bai kai haka ba, yanzu za a ba ta kuɗinta cif.

Daɗi ya kama Auta har cikin ƙashinta. Kekenta ya dawo.

Mai shago ya ja Mai Murmushi gefe, bayan kujerar Baba, ya sassauta murya yadda masu saye ba za su ji ba. Auta ma don tana kusa ne ta tsinci maganar. Ya ce kamfani ba ya karɓar abin da aka gwada aka ga lafiyarsa lau, don haka a albashinta zai cire, wata-wata har ya cika, in ba ta yarda ba ga ƙofa nan. Matar ta ce yallaɓai, marayu take riƙo. Ya ce wannan ba matsalarsa ba ce. Auta ta kawar da kai, ta ce a ranta can su ƙarata.

"Kada ka taɓa mata albashi."

Baba ne. Bai ko juyo ba, yana kallon sandunan dogarawa da ke jingine a bango.

"Na'urarku ba ta da laifi," ya ce. "Ina ji. Na ji ka sarai."

Mai shago ya sauke tabaransa daga goshi ya saka, kamar da ido ake jin magana. Matar ta dafe ƙirji. Auta ta tsaya da rasit a hannu, kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, irin kunyar da mutum ke neman ƙasa ta tsage. Baba ya miƙe, ya ba matar haƙuri, ya ce shi ya ja mata. Ya kama hanyar fita, gwiwar da ake ta magana a kanta ba ta hana shi sauri ba.

Ta same shi a bakin titi, wajen da ake jiran bas. Ta buɗe baki da ihun da ta saba, ya runtse ido ya ɗaga mata hannu.

"Yi a hankali, Auta. Ina ji."

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun ranar da kika saka min." Ya mayar da idonsa kan motoci. "Abin da na fara ji muryarki ce, kina waya. Ban san ta koma irin ta mahaifiyarki ba. Na zauna ina ta saurare, ban ma kula da abin da kike faɗa ba, daɗin muryar kawai nake ji. Sai daga baya maganar ta shigo. Kika ce kin sayar da hanyar abincinki saboda kunnen mutumin da ba a san ko zai kai baɗi ba."

Ta tuna. Har yadin da ke ƙarƙashin allura a lokacin ta tuna, wani shuɗi mai fure.

Ya ce bai ga laifinta ba, gaskiya ta faɗa, kuma gajiya ba zunubi ba ce. Ya so ne ta karɓo kekenta ba tare da ta ji nauyinsa ba, shi ya sa ya ce abin ba ya aiki. Da safe kuma in ya ɗauka zai ajiye, sai ya kasa, don ya yi kewar jin motsin gida. Amma da albashin baiwar Allah nan, a'a, wannan ba zai iya ba.

Auta ba ta jin sauran. Wata guda take bi a ranta, rana bayan rana, duk abin da ta faɗa a falon nan da bakinta, yana zaune da abin a kunne yana yanke farce. Keken ya tafi, ta sani, gobe telan zai kwana da farin ciki, amma ko a jikinta. Wata babbar mota ta danna ham a gabansu, Baba ya yamutse fuska, ya ce hayaniyar titi ta yi masa yawa. Ita kuwa kanta na ƙasa, hawaye na ɗiga kan rasit ɗin.

"Baba, ka yafe min," ta ce, a hankali.

Bai amsa ba. Ta ɗago ta ga ya riga ya cire na'urar, ya naɗe ta a hankici yana turawa cikin aljihun rigarsa, idonsa na kan hanya. Wajen cike yake da masu jiran mota, har da matar nan da ta fasa sayen abin awon jini. Auta ta dube su, ta dubi mahaifinta. Sannan ta matsa kusa da kunnensa, ta ja numfashi, ta faɗa da dukkan ƙarfinta, yadda take tambayarsa ko ya sha magani.

Kowa ya juyo. Baba ya gyaɗa kai, ya miƙo mata hannu ta riƙe, don bas ɗinsu ta iso kuma matakinta da tsawo.