Dagi a Bakin Rijiya

Illa ya sake murza ƙasar a tafin hannunsa, ya sansana, ya ɗora kaɗan a kan harshe. Karo na uku ke nan tun da aka jawo shi daga cikin rijiyar, kuma bai ce wa kowa uffan ba.

"Ga shi nan kuma shina cin ƙasa!" in ji Yunusu, ƙanen matarsa. "Yaya Hajaratu ba ta dama maka hura ba, Malam Shiru?"

Masu jan igiya suka kwashe da dariya. Illa ya yi murmushi, ya kakkaɓe hannu. Ya saba. Tun yana yaro, in aka tambaye shi ko za a yi ruwa, sai hadarin ya zuba ya wuce kafin ya gama auna amsa. Amma a duk ƙasar Affala babu wanda ya san cikin ƙasa kamarsa, shi ya sa da Kumandan, Baturen mulki na Tawa, ya kafa turke a gefen sabuwar hanyar mota ya ce nan yake son rijiya, sunan Illa aka fara kira. Sauran mutum ashirin manoma ne da aka kamo aikin dole, aka haɗa su da Dodo, gardi, wato dogarin Kumandan, mai jar hula da bulala. Ranar Juma'a Kumandan zai zo ganin ruwa, yau kuwa Talata.

Abin da ya hana Illa sakat yana can ƙasa, gaba goma sha huɗu. Ƙarƙashin yumɓu sun ci karo da farin rairayi mai laushi, kuma kwana uku ke nan yana ganin gefen gabas yana zubo da shi kaɗan-kaɗan. Irin wannan rairayi, in ba a tsaya an ɗaure bangon da itace ba, rufta mutum yake yi. Ɗaurin kuwa zai ci kwana goma. Sai dai ya taɓa ganin rairayi mai kama da wannan a Bambeye, kuma rijiyar tana nan tsaye har yau. To, wanne ne? In ya tsai da aiki ya zama bai yi daidai ba, bulala za ta hau bayan mutum ashirin saboda bakinsa. In ya yi shiru, kullum akwai ɗan wani a ƙasa. Ya juya maganar nan a ransa har ta yi laushi, bai ga ƙofa ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma na Illa ya yi yawa, ya zama rumbu.

Da la'asar, da aka tashi aiki, ya yi abin da ubansa ya koya masa. Ya ɗauki daginsa, ƙarfen da yake haƙa da shi, ya gicciya a bakin rijiyar. A wurin mahaƙa wannan magana ce cikakkiya: babu mai sauka sai mai dagin ya ɗauke da hannunsa. Ya ji sanyi a ransa, don ya faɗi abin da zai faɗa ba tare da ya buɗe baki gaban jama'a ba. Abu ɗaya ne mai zurfin tunanin bai tuna ba: duk cikin mutanen nan babu mahaƙi ko ɗaya.

Da sassafe bai nufi wurin aiki ba. Ya bi ta ƙorama zuwa wata tsohuwar rijiya da ta rufta tun zamanin ubansa, ya tono rairayinta don ya gwada da na jiya. Ya murza, ya sake murzawa. Kamar ɗaya ne, kamar kuma wannan ya ɗan fi kaushi. Rana ta yi sama kafin ya iso, kuma tun daga nesa ya ji waƙar masu jan igiya. Ya ƙara sauri.

"Ina dagina?"

"Yunusu ya sabka da shi," in ji wani dattijo. "Ya ce ka mance shi bakin rijiya, shi kau zai riƙe maka aiki kahin gardi shi lura ba ka zo ba."

Daga can ƙasa ana jin bugun ƙarfe, dum, dum. Illa ya nufi inuwar da Dodo yake zaune. A hanya ya jera dalilansa guda biyar, kowanne a mazauninsa: launin rairayin, laushinsa, zubar gabas, rijiyar Bambeye, da wadda ta rufta zamanin ubansa. Da ya tsaya gaban jar hular, idon mutane a bayansa, dalilan suka watse kamar zabi.

"Mi ne ne?" in ji Dodo. "Ka makara, kuma ka zo ka tsaya mini bisa kai?"

"A hiddo shi."

"Wa?"

"Yunusu. Rijiyag ga za ta rufta."

Waƙar ta tsaya. Masu jan igiya ba su jira umarni ba, suka sakar wa Yunusu igiya suka jawo shi, ya fito fari fat da ƙura yana tambayar ko ruwa ne ya ɓullo. Aka yi cirko-cirko ana kallon ramin. Aka jira. Aka ƙara jira. Rijiya dai ko gezau.

Dodo ya miƙe a hankali. "Ka tabbata za ta rufta?"

Da wani ne, da ya rantse. Illa kuwa bai iya faɗin abin da bai auna ya cika ba, ko da wuƙa a wuya.

"Ban tabbata ba," ya ce.

Bulalar ta sauka sau biyu a kafaɗarsa. "To sabka ka tabbata! Juma'a ni za a tambaya, ba kai ba. In ba ka sabka ba, su sabka bibbiyu."

Illa ya dubi mutanen, ya ga babu wanda ya iya haɗa ido da shi. Ya karɓi dagin. Yunusu ne ya ɗaura masa igiya a ƙugu, wasan nan duk ya gudu daga fuskarsa.

"Tun yaushe ka gani?"

"Kwana ukku."

"Kwana ukku, Illa? Jiya ni da kai munka ci tuwo akushi guda!"

"Na aza dagi."

"Mu manoma na, mi munka sani ga dagi? Baki Allah ya ba ka!" Ya ja ƙullin ya ƙara tamkewa. "Kak ka kwance igiyag ga. In ka ja ukku, ko Kumandan na tsaye, jawo ka nikai."

Suka sake shi a hankali. Jar ƙasa ta wuce, marmara ta wuce, yumɓu ya wuce, sama ta koma kamar bakin tulu. Tsoro ya kama shi sosai, amma ko a cikin tsoron idonsa bai daina aiki ba. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya juya gabas. Inda Yunusu ya buga da safe, bangon ya yi ciki kamar an kwarfe shi da ludayi, kuma wata tsaga da babu ita jiya ta haura cikin yumɓun. Rairayi yana gangarowa ba yankewa, har ya rufe masa yatsun ƙafa.

Yanzu kam ya tabbata. Sai ga wata tambaya ta taso masa, kyakkyawa, irin wadda yake so: gabas ne zai fara sakewa, ko yumɓun da ke sama? In ya ɗan dakata kaɗan zai gani da idonsa, ya san abin da ubansa ma bai sani ba.

Bai ƙarasa tunanin ba. Ya saki dagin, ya kama igiya da hannu biyu, ya ja sau uku.