Gaisuwar da Aka Cire

Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, Auta ta jiyo tsakin Inna daga falo.

"Auta, zo ki ga abin nan naki ya lalace."

Manhajar tuna wa mutane shan magani ce ta kamfanin da take wa aiki, kuma yau za ta nuna wa oga gyaran da ta daɗe tana fama da shi. Da can in ka buɗe ta, wani shuɗin shafi ne zai tare ka da "Barka da zuwa" kafin a shiga ciki. Oga ya ce mutane sun gaji da jira, a cire. Ta cire, ta sa sabuwar a wayar Inna don gwaji.

Ta karɓi wayar ta taɓa. Kafin ƙiftawar ido sunayen magunguna sun bayyana.

"Inna, ai lafiyarta ƙalau. Sauri na ƙara mata."

"Ina gaisuwar?"

Auta ta yi dariya. Kowace safiya Inna kan gyara zaman tabarau ta amsa wa shafin nan, "Yawwa, barka kadai, ya aiki?" Yayyen Auta sun yi wa Inna tsiya har sun gaji, ko a jikinta.

"Na'ura ce fa, Inna. Ba ta jin ki."

"Na sani, ni ba yarinya ba ce. Amma dai tana tsayawa har in gama amsawa." Ta karɓe wayar ta kife ta a cinyarta. "Yanzu kuwa ta ɗauko halin mai ita. Daga bakin ƙofa ake jefo min 'ina kwana', kafin in ɗaga kai an kai titi."

Dariyar ta ɗauke. Kunya ta rufe Auta, tausayin tsohuwar ya kama ta. A waje motar ma'aikata ta danna hon. Ta ajiye takalmin, ta durƙusa.

"Inna, ina kwana?"

Inna kuwa ta samu abin da take so. Ta tambayi gajiya, ta tambayi aiki, ta tambayi ciwon kan nan na jiya, har da lafiyar oga da iyalinsa, mutumin da ba ta taɓa gani ba. Suna jin motar ta ja.

"Motarku ta tafi."

"Zan hau ta haya."

Inna ta miƙo mata wayar tana danne murmushi.

"To ita ma ki mayar min da gaisuwarta. Ke ban yarda da ke ba tukuna, sai na ga gobe."