Sai Jagorar Garke Ta Haye

Ruwan kogi ya ja baya, kwalekwalen robarmu ya ƙi gaba, ƙanƙara kuma ta fara kama gefe. Muka maƙale a kan tsibirin tsakuwa, ni da Kawu Putyuk da baƙonmu Halvorsen, wanda ya zo yawon kogi ya ishe mu da ƙorafi tun ranar farko. Abinci ya kusa ƙarewa. Jirgin sama kaɗai muke jira.

Da hantsi Kawu ya taɓa ni, ya nuna tsallake da haɓa. Garken tuttu ne, manyan barewar ƙasar ƙanƙara, ƙahoni birjik, wata tsohuwar mace a gaba tana shinshinar ruwa.  Kowa a garinmu ya sani, in aka firgita na gaba kafin su haye, garken duka zai juya, bana ba nama ke nan. Inna kuwa rumfarta ta shanyar nama wayam take.

Sai ga ƙugin jirgi daga nesa.

"Siqiniq, 'yata, kama can," in ji Kawu. Muka ja kwalekwalen muka gindaya shi a tsakiyar filin saukar jirgin, don kada ya sauka ya firgita garken.

"Kun haukace ne?" Halvorsen ya daka tsawa. "Dusar ƙanƙara na tafe!"

"Rage murya, mai gida," in ji Kawu. "Ba kai kaɗai ke da tafiya yau ba."

Matuƙin ɗan garinmu ne, ya gane. Ya karkata can nesa ya koma. Wallahi har ni na ji kamar in bi shi da gudu.

Muka tsugunna bayan duwatsu. Ba wuta, ba magana, ba motsi. Yatsuna suka mutu. Tsohuwar nan ta tsaya tana yanga kamar ba ta san da mu ba, na zage ta a zuci har na gaji. Halvorsen na rawar sanyi yana hararata, ni ma haushin kaina nake ji.

Can ta sa ƙafa a ruwa. Sauran suka biyo ta, kogin ya cika da ƙahoni, sun nufi gangaren garinmu. Na fashe da kuka.

Dusar ta fara sauka, ta rufe filin sauka fari fat.

"Innarki za ta ci nama bana," in ji Kawu.

"Mu fa, Kawu?"

Ya dubi sama. "Hura wuta tukuna. Ki yi tattalin icen."