Masu Kiran Baba da Safe

Jami'ar binciken ta jawo kujerar roba kusa da wani dattijo a barandar asibiti, ta ce ya nuna mata saƙon tunin shan maganin hawan jini da shirinsu ke turo masa. Dattijo ya yi dariya har da tari. Shi ina ya ga boko? Lambar 'yarsa ya bayar, wadda ke aure a wani gari. Saƙo ita yake samu, ita kuma ta kira shi.

"Faɗa take min kamar ita ta haife ni," in ji shi. "In na ƙi sha, me zan ce mata gobe?"

Tun safe labarin ke nan a bakin tsofaffin: wannan ɗansa, waccan jikarta. Ta san abin da ke jiranta a ofis.

Ta tarar da shugaban shirin baki har kunne. Jinin mutane ya sauka, alƙaluma sun nuna. Saboda haka daga wata mai zuwa za a daina bi ta wayar dangi, a riƙa tura murya kai tsaye ga tsofaffin. Sa hannunta a takardar sauyin kawai ya rage.

Ta zauna ta warware masa tiryan-tiryan. Saƙo ba ya ba kowa magani. Ɗa yake tayarwa, ɗa ya kira, tsoho ya ji nauyi ya haɗiye ƙwayarsa. A cire ɗan, an tsinke igiyar a tsakiya, kuma jinin bayin Allah ne zai hau.

Shugaba ya haɗe rai. Ya ce masu tallafi sakamako suka tambaya, ba tarihin 'ya'yan mutane ba. Ya kuma tuna mata, a fakaice wai, cewa sabunta aikinta yana kan teburinsa. Ta ji tsoro ƙwarai, ga yara a makaranta. Amma ta rufe bironta.

"Yallaɓai, muryar inji ba a jin kunyarta. A raba asibitocin shirin gida biyu, rabi murya, rabi yadda ake. Abin da ya fito shi zan sa wa hannu."

"In ke ce kika yi kuskure fa?"

"Sai in rubuta haka da hannuna."

Ya daɗe yana juya takardar, fanka na ta ƙara a kansu. Can ya jefa ta cikin durowa, ya ce aikin nata ma sai ya jira sakamakon.

Ta ce ta yarda, su jira tare.