Lahadin da Ba a Rera Zabura Ba

Ba a rera Zabura ta ƙarshe ba a cocin Grimabost ranar Lahadin da ta wuce. Fasto Macaskill ya sanar da ita, mai ba da baiti ya miƙe, jama'a suka buɗe littattafansu, amma har aka tashi ba wanda ya rera ko kalma ɗaya. Tsofaffin ƙauyen, da ke gaɓar yamma ta tsibirin Lewis, sun ce ba su taɓa ganin haka ba.

Wanda ya miƙe ɗin Tormod Macritchie ne, masaƙi, mai shekara saba'in da 'yan kai. Tun yana saurayi shi ke ba da baiti a cocin. A nan ba a kaɗa komai. Mutum ɗaya ke tashi ya ja baiti shi kaɗai, jama'a na zaune su amsa a hankali, kowa da irin lanƙwasarsa, kafin su sauke ya ɗauko na gaba. In bai fara ba, ba mai farawa.

A farkon kaka muryarsa ta dushe. Likitoci a Glasgow suka ga tsiro a maƙogwaronsa, suka ce sai an yi aiki. Ana jibi zai tafi, maƙwabcinsa Finlay Gillies, wanda dattijon coci ne, ya same shi a rumfar saƙa.

"Na zo jin wasiyya," in ji Finlay. "Masaƙar nan ba na so. Tumakin dai."

"Baiti zan bar maka. Kai za ka riƙa ba su in ba na nan."

"Ni? So kake cocin ta watse?"

"Za su jure. Sun jure wa addu'arka shekara da shekaru."

Finlay ya yi dariya. Tormod ya ɗauke ƙafa daga matakin masaƙa, rumfar ta yi tsit.

"Finlay, ni ban iya addu'a ba. Ku kukan rufe ido ku yi magana da Ubangiji kamar yana kujerar gefe. Ni in na rufe ido ba na jin komai. Sai na ja baiti nake sanin yana nan. In suka yanke wannan, ban san inda zan same shi ba."

"Ai ba a maƙogwaronka yake zaune ba, mutumina."

"Na sani. Sanin bai taimake ni ba."

Aka yi aikin. Ya dawo gida da umarni guda: kada ya yi magana, ko raɗa, sai likita ya sake duba shi. A ranakun aiki ƙarar masaƙa na cika masa kunne. Ranar Lahadi ce matsala, domin a Grimabost ba a saƙa, ba a shanya, ba a kunna rediyo. Coci kuma ya ƙi zuwa. Matarsa Dolina ta riƙa tafiya ita kaɗai, ta dawo ta same shi inda ta bar shi, gaban murhu, shayinsa ya huce.

"Yau Finlay ya ɗauko Zabura daga can sama," ta ce masa wata Lahadi tana cire hula. "Tsohuwa Seonag ta bi shi, saura kaɗan mu kira mata likita. Ya fara da wata murya, ya ƙare da wata."

Tormod bai ko murmusa ba.

"Oho. Tun da na aure ka nake roƙon Allah ka yi shiru a gidan nan. Yanzu ya amsa, sai kuma ka ɗaure min fuska."

Ta ɗora ruwan dankali, ta dawo ta tsaya a kansa.

"Gaya min. Kunyar mutane kake ji, ko fushi kake da Ubangiji?"

Ya ɗaga kafaɗa.

"To mako mai zuwa za ka sa baƙar kwat ɗinka. In fushi ne, je ka yi shi a gidansa, ba a ɗakin girkina ba."

Ya je. Bai zauna a kujerarsa ta gaba, ƙarƙashin mumbari ba. Ya zauna can baya kusa da Dolina. Finlay ya ba da baitin Zaburar farko da ta biyu, Tormod kansa na sunkuye. Bayan wa'azi Fasto ya sanar da ta ƙarshe.

Sai Tormod ya miƙe.

Daga baya Dolina ta ce ba da niyya ya yi ba, ƙafafunsa ne suka yi abin da suka saba. Ya ja numfashi, ya buɗe baki. Ko ya tuna da umarnin likita ne, ko ya gwada abin ya ƙi fita, ba wanda ya sani. Finlay, da ya riga ya fara tashi, ya waiga ya gan shi, ya koma ya zauna. A cocin nan ba a ba da baiti alhali wani mai ba da baiti na tsaye. Jama'a suka jira shi, kamar yadda suka saba jiransa.

Dolina ta ja gefen kwat ɗinsa. Bai zauna ba.

Ana jin iska a tagogin yamma, da numfashin wani mai mura. Seonag na riƙe da alewar da ta fara warewa, ta bar ta a haka. Waɗanda ke kusa sun ga Tormod ya dafa bencin gabansa. Ya rufe bakinsa, ya rufe ido, kafaɗunsa suka sauka. Fasto ya dube shi. Haka aka zauna, kimanin tsawon lokacin da Zaburar za ta ɗauka da an rera ta. Sannan Tormod ya zauna, Fasto ya sa albarka, aka fita.

A bakin ƙofa Finlay ya riƙe masa hannu.

"Yau ce rana ta farko da ba wanda ya yi ƙorafi a kan muryata," ya ce. Bai saki hannun da wuri ba.

A hanyar gida Dolina ta daure har suka wuce gada.

"Ka tsayar min da zuciya, tsohon nan. To me ka ji?"

Ya girgiza kai.

"Ba komai?"

Ya gyaɗa.

"Amma ka ƙi zama."

Ya sake gyaɗawa, ya saƙala hannunsa a nata. Da lokacin sujadar yamma ya yi, kafin ta ce masa komai ta same shi a bakin ƙofa da kwat ɗinsa a jiki. Suka koma, ya zauna a baya, Finlay ya ba da baiti, shi kuma idonsa a rufe har aka gama.

Dattawan coci sun zauna ranar Laraba. Ɗaya daga cikinsu ya ce abin da ya faru rashin tsari ne, kada a bari ya sake aukuwa. Finlay ya ce shi dai riƙon ƙwarya yake yi, ba zai zauna a kujerar gaba ba. Aka tashi ba a naɗa kowa ba.

Tormod zai koma Glasgow a wata mai zuwa. Likitan ya gaya wa Dolina cewa har yanzu ba zai iya cewa muryar za ta dawo ko ba za ta dawo ba.