Burodin Yarima

"Ba can ba, 'yar nan! Hagu! Za ki jefa mini ɗa a rijiya."

Iya Tela ce ke magana daga kan gado, muryarta ta shaƙe amma faɗan yana nan. Ni kuwa ina zaune a kan tabarma, goyo a bayana, hannun gem, wasan nan na talabijin, a cinyata, sai gumi nake yi. A talabijin wani mutum mai jar alkyabba yana ta buga goshi da bango.

Ƙofarta tana kallon tamu. Ɗanta guda, mai gyaran waya, shi ya bar mata na'urar gem ɗin lokacin da ya ƙetare ruwa neman aiki. Da fari yana kira. Daga baya lambar ta daina shiga, har yau.

A cikin wasan akwai wani yarima da baffansa ya ƙwace masa gadon sarauta ya kulle shi a saman hasumiya. Ɗan Iya ya yi yaƙi da dodanni har ya samo makullin, sai tafiya ta taso. Ya ce mata, "Iya, ki riƙa leƙa mini shi, amma kar ki buɗe. In na dawo tare za mu fito da shi." Da wasa ya faɗa, yana ɗaure jaka. Ita ba ta ɗauke shi wasa ba.

Hanya ɗaya ya koya mata, ita kaɗai ta sani: daga mai burodi a kasuwar wasan, a hau matakala, a miƙa wa yarima ta tsakanin ƙarafa. Kullum bayan ta rufe keken ɗinki sai ta kai. Mai jar alkyabbar kuwa ɗanta take kiransa, tunda shi ya zaɓa masa fuska da kaya.

Da yatsunta suka ƙage, 'yata ce ta karɓi aikin, 'yar aji uku. Ban so ba. A gidana ba a gem, sai an gama aikin makaranta ma ake kallo. Amma Iya ta tsaya a ƙofata ta ce, "Ara mini ƙawata, minti kaɗan. Mutum yana can da yunwa." Na yi zaton wani maƙwabci ne.

Da ciwo ya kwantar da Iya, nas ɗin da ke zuwa dubata ta ja ni gefe ta gaya mini gaskiya: ba tashi za ta yi ba. Ranar na hana yarinyar shiga. Ba na son ta ga yadda numfashi ke yi wa mutum gardama. Ta yi kuka har da shessheƙa.

"Umma, to wa zai kai masa burodi?"

"Hoto ne, ba ya jin yunwa."

"Iya fa? Ita ma hoto ce?"

Shi ya sa na shiga da kaina. Na share ɗakin, na sauya mata zanen gado, na ba ta ruwa a cokali, sannan na ɗauki abin nan mai maɓallai kamar kayan gyaran rediyo.

"Ina ƙawata?"

"Tana da jarrabawa, Iya."

Ta dube ni ta wutsiyar ido. "Kin kyauta. Ni ma da haka zan yi. To tura sandar gaba, a hankali, ba tuƙin tukunya ba ne."

Da ƙyar na sayi burodin. A matakala na faɗo ya fi a ƙirga, tana cewa, "Wayyo ƙafar ɗana." Har muka iso. Ɗaki ne ƙarami, da 'yar taga can sama. Yariman saurayi ne, yana zaune a kan ciyawa, ya haɗa kai da gwiwa, gashi ya rufe masa ido. Ya ɗago, rubutu ya fito a ƙasa.

"Kin san me ya ce?" in ji Iya. "Ƙawata ta karanta mini. Wai, ka dawo? Har yanzu ana rana a waje? Kullum abin da yake tambaya ke nan. Danna maɓallin ƙasa ki ba shi."

Jaririn ya motsa a bayana, ya finciki ɗankwalina. Na kai hannu ɗaya na tare shi, ɗayan ya danna abin da ya danna. Sai muka ji ƙarar ƙarfe. Ƙofar ta buɗe.

"Innalillahi! Iya, wallahi ban sani ba. Ta ina ake mayarwa? Bari in kira ƙawarki..."

"Tsaya."

Yariman ya dafa bango ya miƙe. Ya fito yana ɗingishi, ya tsaya gaban mai jar alkyabba, ya dafa kafaɗarsa. Wani kiɗa mai sanyi ya tashi. Su biyun suka gangara matakalar da kansu, ba na danna komai, har suka fita fili. Yariman ya sa hannu ya kare idonsa daga rana.

Iya ta yunƙura, na tallafe ta da filo. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe dogo ne," ta ce. "Shekara da shekaru a zaune nake ganinsa. Ashe ya fi nawa tsayi."

"Ki yafe mini, Iya. Ya ce a jira shi."

"Ya ce." Ta lumshe ido, ta sake buɗewa. "Dubi yadda suka jera. Bar su su yi ta tafiya, 'yar nan. Kar ki kashe."

Ban kashe ba. Ina nan zaune har wuta ta ɗauke da la'asar, talabijin ya yi baƙi. Tana barci lokacin. Washegari da hantsi, ina shafa mata mai a ƙafa, ta cika.

Danginta da suka zo kwashe kaya sun ɗauki keken ɗinki da gado. Na'urar kuwa suka ce tsohon yayi ce, a ba yara. Na ce zan ajiye wa mai ita. Matar ƙaninta ta taɓe baki.

Bayan kwana biyu na gaya wa 'yata abin da na yi. Ta share hanci, ta jona wayoyin a talabijin ɗinmu ba tare da ta tambaye ni ba, ni ma ban hana ba.

"Umma, kin yi sebin?"

"Mene ne kuma sebin?"

"Adanawa. In ba a adana ba, komawa yake inda aka tsaya."

Hoton ya kawo. Ga hasumiya, ga ƙarafa, ƙofa a rufe. Ta buɗe jakar mai jar alkyabba ta nuna mini da yatsa: makullin yana nan.

"Kin gani? In ya dawo zai same shi."

Ta gangara kasuwa, ta sayi burodi, ta hau matakala ba ta faɗi ko sau ɗaya ba. Na zauna kusa da ita da kwanon wanke-wanke a hannuna, na manta ban ajiye ba. Saurayin ya ɗago kai daga gwiwarsa, hasken 'yar tagar ya sauka a gefen fuskarsa, rubutun ya fito a ƙasa.