Shaidar Mama a Kotun Coci

"Mama, abu guda nake roƙo," in ji Makanike, yana riƙe mata jaka a bakin ofishin kotun coci. "Ki ce musu lokacin da na yi auren nan ba ni da hankali."

"Na ji," ta ce, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

Matarsa ta fari ta daɗe da tafiya, har ta yi wani gidan. Shi kuma ya samu wata nas mai son sa, amma ta rantse ba za ta aure shi ba sai a gaban bagaden coci. Cocin Katolika kuwa ba ta san saki ba. Iyakarta ta bincika ko auren ya ɗauru tun farko. Lauyan coci ya ce masa hanyarsa ɗaya ce, ya nuna cewa a lokacin yaro ne mai rawar kai, bai san abin da yake shiga ba. Shaidar da ta rage ita ce uwarsa.

Ba a shiga da mai ƙara in ana jin shaida, don haka aka bar shi a kan benci. Sai dai Allah ya yi wa Mama murya, ko ƙofar ƙarfe ba ta tare ta.

Ya ji ta rantse da Littafi Mai Tsarki. Sannan Fada mai kare igiyar aure, wanda aikinsa ke nan ya nuna aure na nan daram, ya tambaya a hankali, "Mama, an ce ɗanki ba shi da natsuwa a lokacin?"

"Wa ya faɗa? Auta na? Fada, duk unguwarmu babu mai hankalinsa!"

Makanike ya dafe kai. Ya manta cewa matar nan ko ɗanta ya ƙona gari, a gaban baƙi cewa za ta yi girki yake koyo.

Ta yabi natsuwarsa, ta yabi tunaninsa, har ta ce tun yana goye ba ya kukan banza. Injin buga rubutu na magatakarda na ta ƙwas-ƙwas, shi kuwa gumi ya jiƙa masa riga. Ya ga nas ta tafi ke nan.

"Ga biyayya!" Mama ta ƙara ɗaga murya. "Ranar auren ma da safe ya ce shi bai so, har da hawaye, ya nufi tasha. Na sa kawunansa suka ɗauko shi. Na ce in bai shiga cocin nan ba zan tsine masa, kuma gawata zai tarar a ɗaki. Nan take ya sa kwat. Ina ake samun ɗa irin wannan yau?"

Sai alƙali, wani tsohon Fada, ya ce, "Mama, maimaita a hankali. Magatakarda, rubuta duka."

Makanike ya sauke hannu daga kai. Lauya ya taɓa gaya masa auren tilas ba aure ba ne a dokar coci, ya tambaye shi ko an matsa masa. Ya ce a'a, don ba zai iya kai ƙarar uwarsa ba.

Ta fito tana fifita da gefen mayafi, fuska fal annuri.

"So suke su mai da kai sakarai a rubuce, ban yarda ba. Na wanke ka tas."

Ya karɓi jakarta, idonsa ya ciko.

"Kin wanke ni, Mama. Mu je ki huta."